Wuta da Ruwa: Lacca a kan Yanka Allon Nailan a Ƙasar Haɗejiya

   

Abin da aka ɗora mini in yi bayani a kansa yau, wato yadda mai sana'a zai yanka allon nailan mai tauri a zauren gidansa ko a rumfarsa ta bakin titi ba tare da manyan injunan masana'anta ba, na san akwai wanda zai gan shi ƙaramin al'amari ne da bai kai a tara dattawa dominsa ba, har ya ce a ransa da ma an bar yara su koya a wurin iyayen gidansu. To, amma malamai magabata ba su raina irin wannan magana ba. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddini, ya lissafa noma da saƙa da ɗinki, har da ƙaho, cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yin su gaba ɗaya laifin yana kan kowa. Ibnu Haldun kuwa ya keɓe fasali guda a cikin Muƙaddimarsa domin sana'ar kafinta, ya nuna cewa ba ta kammala sai da sanin handasa da awo. Idan haka ne, gyaran injin da yake shayar da gonar da take ciyar da gari bai fita daga wannan hukunci ba, kuma duk abin da gyaran ba ya cika sai da shi, shi ma ya shiga ciki.

Kowa a nan ya shaida yadda zaman wannan ƙasa ya sake. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka bi bayanta da ta Challawa a 1992, ambaliyar da take malalowa kowace damina ta shimfiɗu a fadamun Auyo da Haɗejiya da Kirikasamma da Guri, har ta gangara Nguru da Gashuwa, ta daina zuwa bisa al'adarta ta da. Wani wuri ruwan ya janye, wani wuri kuma ya zauna dindindin, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa. Manomin da kakansa yake jiran kogi ya kawo masa ruwa har gona, ko yake ɗaga shi da jigo guga bayan guga, ya koma ga ɗan injin ban ruwa mai shan fetur, wanda ya yaɗu a shekarun 1980, zamanin da muke cikin Jihar Kano hukumar KNARDA tana haƙa wa manoma 'yan rijiyoyin burtsatse a fadama, tun kafin a yanke Jihar Jigawa a 1991. Bayan injin ban ruwa ga na casar shinkafa, ga na niƙa da na markaɗe, ga babura da Keke Napep da suka cika gari. Kowane ɗayansu kuwa yana da 'yan ƙananan gaɓoɓi, bush da washa da ɗan faifan da yake raba ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna, waɗanda ba su kai faɗin tafin hannu ba, amma ranar da ɗaya ya cinye, alkama da tattasai sai su kwana da ƙishirwa, alhali ko an ɗauki hanyar Kano, an zaga kasuwannin Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, ba lalle ne a dace da irinsa ba. A nan ne ake komawa ga mai sana'ar gida a ce ya fitar da shi daga allon nailan.

Shi nailan baƙo ne a duniya, bai kai shekara ɗari ba. Wani masanin kimiyyar haɗe-haɗe mai suna Wallace Carothers, ma'aikacin kamfanin DuPont a Amurka, shi da abokan aikinsa ne suka fara haɗa shi a 1935, bai kuwa ga abin da ya zama ba, domin ya rasu a 1937. A shekarar da ta biyo, 1938, wani Bajamushe, Paul Schlack, ya haɗa wani irinsa ta wata hanya dabam, shi ya sa har gobe iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa, wanda ake kira 66 da wanda ake kira 6. Da gashin burushin goge haƙori aka fara sayar da shi, sa'an nan safar mata, sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, silikin Japan ya yanke wa Amurka, aka juya shi ga laimar sauka daga jirgin sama da igiyoyi. Sai bayan yaƙi masu ƙera injuna suka gane cewa idan aka zuba shi ya daskare curi guda, ko allo, ko sanda, yana yin aikin tagulla a wurare da yawa, ga shi nauyinsa kashi ɗaya ne cikin bakwai na ƙarfe, ba ya tsatsa, ba ya ƙara, fetur da baƙin mai ba sa cin sa.

Mu a nan ta hanyar ruwa ya riske mu, domin masunta ne suka fara saninsa, wajen shekarun 1960, lokacin da zaren nailan ya kori zaren auduga da na rama daga koma da taru da kalli. Kuma a wurinsu ne za mu ɗauki darasin farko, wanda shi ne jigon laccar nan. Duk masuncin da ya yanka igiyar nailan, kafin ya ajiye wuƙa sai ya ƙyasta ashana ya kara wa bakin igiyar, zaren ya narke ya dunƙule ya daskare, ba ya sake warwarewa. Ɗan harshen wutar ashana ya isa! Abin da yake fa'ida ga mai igiya, shi ne ainihin musibar mai zarto, domin wutar da masunci yake kawowa da gangan, zarto da kansa yake haifar da ita a cikin tsagar da yake yi, ko mai shi ya so ko bai so ba.

Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa ba a ƙiyasta abu a kan wani abu sai illarsu ta zama ɗaya, kuma idan akwai bambanci a wurin illar, ƙiyasin ya ɓaci ko da zahirinsu ya yi kama. Kusan dukan ɓarnar da ake yi wa allon nailan daga ɓataccen ƙiyasi take fitowa. Mai walda ya taɓa shi ya ji tauri, sai ya ƙiyasta shi a kan ƙarfe, ya ɗauko giranda; kafinta ya ga fari ne mai sauƙin shiga, sai ya ƙiyasta shi a kan katako, ya auna, ya yanka, ya ɗauka magana ta ƙare. Ga inda ƙiyasin farko ya karye. Ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,400 a ma'aunin Salshiyas, nailan kuwa mai lamba 6 yana narkewa wajen digiri 220, mai lamba 66 wajen 260, kuma tun kafin a kai nan ya riga ya yi laushi ya fara danƙo. Bayan wannan akwai abin da ya fi shi muhimmanci, ko da yake ido ba ya ganinsa: ƙarfe yana kwashe zafi daga wurin yanka ya watsa shi cikin jikinsa duka, shi ya sa kake riƙe wannan gefe ka ji ɗumin abin da ake yi a wancan, amma nailan ya fi ƙarfe rowar wucewar zafi kusan ninki 200, saboda haka duk zafin da gogayya ta haifar yana nan tsaye a bakin haƙorin zarto, ba shi da mafita, allon yana da sanyi a hannunka alhali cikin tsagar yana tafasa.

Sakamakon haka kun san shi. Zarto yana gaba, narkakken nailan yana bin sa a baya yana sake haɗewa kamar alewar da ta sha rana, har mutum ya kai ƙarshen layi ya ɗaga allon ya tarar bai rabu ba, ko kuwa zarton ya cije a tsakiya, ba gaba ba baya. Ko an samu an raba shi, bakin ya fito da ƙuraje da kumfa, ya yi ruwan ƙasa, ya yi gautsi, kuma awon da aka yi da fensir ya tafi a banza. Giranda ita ce mafi muni a wannan babi, domin faifanta ba ya yanka, gugewa yake yi, kuma ƙaramarta tana juyi fiye da sau 10,000 a minti ɗaya; hukuncina a kanta shi ne a bar ta ga ƙarfenta. Amma abin da wasu suke yi na ɗaura mata faifan zarton katako mai haƙora, wannan ya wuce ɓarnar dukiya ya shiga jefa rai cikin halaka, domin ranar da haƙori ya cije, injin yana tsalle ne ya nufi hannu ko cinya ko fuska, kuma babu ƙarfin damtsen da zai riƙe shi. Ina roƙon iyayen gida, don girman Allah, su hana yaransu wannan.

To, da me za a yanka? Sharaɗi na farko kaifi ne, kuma kaifin da nailan yake nema ya wuce wanda ƙarfe yake haƙura da shi, domin dakusasshen haƙori ba ya ɗebo komai, dannawa yake yi yana shafa, shafar kuwa ita ce uwar zafi. Zarton da ya taɓa cin ƙarfe ko sau ɗaya ne ya riga ya dakushe a wurin nailan, ko da a ido sabo ne, saboda haka ya kamata mai sana'a ya ware guda ya rataye shi dabam, ya gargaɗi yara kada su ara. Sharaɗi na biyu, haƙoran su zama manya masu tazara, domin ramin da yake tsakanin haƙori da haƙori shi ne yake ɗaukar ɓarɓashi ya fitar, ɓarɓashin kuma shi ne yake fita da zafin. Idan ramin ya yi ƙanƙanta ya cika, ɓarɓashin ya tsaya a ciki ya narke. Zarton ƙarfe da muke saye a kasuwa yana zuwa da haƙori 14, ko 18, ko 24, ko 32 a inci ɗaya. Idan dole sai shi, a ɗauki mai 14 ko 18, a bar sauran. Amma ga allo mai kauri, daga milimita 10 zuwa sama, sabon zarton kafinta mai haƙori 7 ko 8 a inci ya fi shi nesa ba kusa ba, musamman da yake haƙoransa a karkace suke, ɗaya dama ɗaya hagu, suna buɗe tsaga da ta fi jikin zarton faɗi, ba ya guga a gefe. Allo mai sirantaka kuwa yana son haƙora ƙanana kaɗan, gwargwadon yadda aƙalla uku za su kasance cikin kaurinsa a lokaci ɗaya, in ba haka ba haƙorin ya riƙa kama baki yana fizga. Wanda bai wuce milimita 1 ko 2 ba, almakashin masu kwano ya ishe shi. Dabarar nan ta masu gilashi, a ja layi da wuƙa a karya, ba ta aiki a nan, domin nailan lanƙwasawa yake yi, ba ya ɓallewa a kan layi.

Sharaɗi na uku shi ne ɗauri. Nailan yana da santsi, yana kuma da tsalle, idan ba a danne shi ba sai ya riƙa rawa a ƙarƙashin zarto. A shimfiɗa shi a kan katako mai lafiya, a matse shi da benci kusa da layin yanka, a sa ɗan katako tsakaninsa da ƙarfen matsewa don kada ya bar masa tabo, kada kuma a matse fiye da kima, domin abin da aka yanka a matse, idan aka sake shi yana komawa siffarsa ta asali ya fita daga awo. Idan tsagar ta yi nisa, a cusa ɗan tsinken itace a bayan zarto ya riƙe ta a buɗe.

Sai maganar tafiyar hannu, kuma a nan nake so 'yan koyo su buɗe kunne, domin akwai wata daƙiƙar mas'ala da take ruɗa har manya. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma gaskiya ne wanda yake zuga zarto kamar ana korarsa zai narka aikinsa. Amma kada a fahimci cewa maganin shi ne a sassauta hannu a riƙa lallaɓawa, domin zarton da yake kai da kawowa a wuri ɗaya ba ya nutsewa, shi ma shafa yake yi, kuma zafinsa bai gaza na mai gaggawa ba. Abin da ake nema abu biyu ne a haɗe: jan zarto a natse, dogon ja daga farkonsa har ƙarshensa, tare da danni tsayayye yadda kowane haƙori zai fito da rabonsa. Haka hukuncin yake ga mai zarton lantarki, ko ƙaramin nan mai hawa da sauka ko mai faifai: a rage gudun injin idan yana da wurin ragewa, amma turin hannu ya ci gaba ba tsayawa, kuma idan za a huta, a janye zarton daga tsagar tukuna. Alamar da za ka gane kana kan daidai tana zuba a ƙafarka. Matuƙar ɓarɓashin yana fitowa fari, busasshe, warwatse, ko zare-zare mai sanyi, to ci gaba; da zarar ya fara dunƙulewa yana manne wa haƙora, ko hancinka ya ji ƙauri irin na gashin da ya ƙone, tsaya, ka share haƙoran, ka bar su su huce. Mai zarton hannu yana iya ɗiga ruwa, ko ruwan sabulu, a cikin tsagar. Mai na lantarki kuwa ya nisanci ruwa, iska ta ishe shi, ko da ta famfon keke ce yaro yana hura masa. Ni dai a ra'ayina, ga yawancin aikin da yake zuwa rumfunanmu, zarton hannu ya fi, kuma ba ya jiran a kawo wuta ko a tayar da janareta.

Huda ta fi yanka wuya, domin bakin injin huda yana nutsewa ne cikin rami, inda zafi ba shi da ko tagar fita. A fara da ƙaramin baki, a bi da wanda ya fi shi, har a kai girman da ake so. A riƙa nutsawa kaɗan ana zarowa ana kakkaɓe zaren da ya nannaɗe. A sa katako a ƙarƙashi don kada bakin ya fizge sa'ad da ya ɓulla. Babban rami da aka huda a tashi ɗaya yana iya tsaga allon daga ciki. Ku kuma sani ramin nailan yakan fito ya ɗan fi bakin da ya huda shi ƙanƙanta, domin jikinsa yana buɗewa ya ba da hanya, sa'an nan ya dawo. Idan kuma siffar da za a fitar tana da lungu na ciki, kada a haɗa layi biyu su yi kusurwa mai kaifi, domin daga nan tsagewa take farawa ranar da abin ya ɗauki nauyi. A huda rami a wurin kusurwar tukuna, a yanko zuwa gare shi daga ɓangarori biyu, lungun ya zauna a kewaye. Gyaran baki da magagari mai manyan haƙora ake yi, ko a kankare da wuƙa mai kaifi, samfefa kuwa sai da ruwa, kuma da hannu. Gam ba ya kama nailan kamun kirki. A haɗa shi da noti da washa mai faɗi.

Wannan ke nan game da wuta. Saura ƙiyasin kafinta, wanda yake zaton idan an auna an yanka daidai, awon ya zauna har abada, kuma a nan ne mu mutanen bakin kogi muke da buƙatar sani fiye da kowa. Nailan yana shan ruwa. Ba a ganin haka, domin in ka zuba masa ruwa gangarewa yake yi, amma a hankali, cikin makonni da watanni gwargwadon kaurinsa, yana tsotsar laima daga iska, kuma wanda aka nutsa cikin ruwa har ya ƙoshi yana iya ƙara kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na nauyinsa, jikinsa kuma ya kumbura da kimanin kashi 2 cikin 100, wato abin da faɗinsa milimita 50 ne ya ƙaru da wajen milimita guda. Wanda bai san inji ba zai ce milimita guda mene ne. Makanike kuwa ya san cewa tsakanin bush da sandar ƙarfen da take juyawa a cikinsa, abin da bai kai haka ba ya isa ya tsayar da aiki. Ku dubi yanayin ƙasarmu: a hunturu iska takan bushe har leɓe ya tsage, a bazara zafi yakan haura digiri 40, a marka kuwa ko gishiri jiƙewa yake yi a cikin kwano. Bush ɗin da aka yanka cif-cif a watan Janairu daga busasshen allo, aka sa shi a inda ruwa yake taɓa shi, ba shi da wurin kumbura ta waje domin ƙarfe ya kewaye shi, sai ya kumbura ta ciki ya shaƙe sandar, ya yi zafi, zafin ya ƙara buɗa shi, domin nailan yana buɗewa da zafi ninki bakwai ko takwas fiye da ƙarfe: tsawon mita guda, idan zafi ya ƙaru da digiri 30, yana ƙara wajen milimita biyu da rabi, alhali ƙarfe bai kai rabin milimita ba. Daga nan sai manomi ya dawo yana cewa an cuce shi, mai sana'a kuma yana rantsuwa cewa ya auna daidai, kuma dukansu biyu gaskiya suke faɗa.

Maganin wannan haƙuri ne da tazara. A fitar da abin da ɗan rara, kada a kai shi awon ƙarshe a ranar farko, domin allon yana fitowa daga masana'anta da wani ɗauri a cikin jikinsa, wanda idan aka yanke gefe ɗaya yakan saki, abin ya kantare cikin dare. A bar shi ya kwana ɗaya ko biyu ya gama motsinsa. Idan a ruwa zai yi aiki, a jiƙa shi tukuna, kuma ruwan zafi yana gaggauta shan. Sa'an nan a gyara shi zuwa awo, a bar masa 'yar tazara tsakaninsa da sandar fiye da yadda za a bar wa tagulla. Jiƙon yana da wata fa'ida kuma, domin busasshen nailan ya fi saurin fashewa idan ya sha duka, wanda ya sha ruwa kuwa ya fi juriya. Ramukan noti a dogon allo a buɗa su kaɗan don ya sami wurin miƙewa. Inda kuma abin zai zauna cikin ruwa dare da rana, kuma awonsa ba ya karɓar canji, gaskiya ita ce nailan ba shi ne ya dace ba. Akwai wata roba mai tauri da ake sayarwa da sunan Delrin, wadda abin da take sha bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma faɗa wa mai aiki haka, ko da cinikin zai tafi wurin wani, yana daga cikin nasihar da Musulmi yake bin ɗan'uwansa. Haka nan kada a sa nailan inda ruwan batir zai taɓa shi, domin yana cinye shi, kuma farinsa ba ya jure zama a rana shekara da shekaru kamar baƙinsa.

Wannan ya kawo mu ga mas'alar algus, wadda ba zan tsawaita a kanta ba. Ba kowane farin allo mai tauri ne nailan ba. Da yawa daga abin da yake yawo a kasuwa, irin allon da ake yanka nama a kansa, robar jarka ce aka yi ta da kauri, wadda take narkewa tun wajen digiri 130, ba ta kuma ɗaukar nauyin da nailan yake ɗauka. Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike: a yanki ɗan guntu a jefa a kofin ruwa, nailan yana nutsewa, robar jarka tana tasowa. Wanda ya saya bai sani ba, an zalunce shi. Wanda ya sani ya ɗora wa manomi a kan kuɗin nailan, ya ci haram, ko da abin ya yi mako yana aiki.

Akwai haƙƙin jiki da haƙƙin maƙwabta. Zaren da yake fitowa daga wurin huda ba ya tsinkewa da sauƙi, kada a kama shi da hannu injin yana juyi, kada kuma a tsaya gaban inji da hannun riga yana reto. A naɗe shi, ko a tuɓe babbar rigar a rataye. A sa tabarau. Narkakken nailan idan ya ɗiga a fata mannewa yake yi yana ci, a yi maza a sa wurin cikin ruwan sanyi, kada a fizge shi. Hayaƙinsa guba ne, saboda haka kada a yanka shi da jan ƙarfe daga wuta a cikin rufaffen zaure, kada kuma a tara ɓarɓashinsa a cinna masa wuta a ƙofar gida inda yara suke wasa. Zubar da shi a kwata ma ba mafita ba ce, domin mahautanmu sun san abin da suke tararwa a tumbin awaki da shanu, abin da dabba ba ta haɗiye ba kuwa ruwan sama yana kai shi kogi, kogin kuma shi ne yake ciyar da dausayin da ya miƙe daga Baturiya har Nguru, wanda kifinmu yake haihuwa a cikinsa, tsuntsaye kuma suke ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a bakinsa. A tara shi a buhu, manyan guntaye a ajiye, domin daga cikinsu ake fitar da washa, sauran a haɗa da kayan masu sayen tsohuwar roba.

Roƙona ga hukumar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da take cikin garin nan, da malaman makarantun koyon sana'a na wannan masarauta, shi ne su buɗe ƙofar ɗakunan aikinsu ga 'yan koyon rumfuna ko da yini ɗaya ne a wata, su nuna musu awon da ya gaza milimita da ma'aunin da ake yin sa da shi, domin yawancin yaran nan tef kaɗai suka taɓa riƙewa. Ku kuma iyayen gida, kafin ruwan bana ya sauka, kowa ya yanki guntu biyu daga allon da yake aiki da shi, ya daidaita su, ya jefa ɗaya a randa ya rataye ɗaya a rumfa, bayan wata biyu ya kira yaransa ya auna su a gabansu. Wanda yake da tambaya ko gyara, ga ni a zaune. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga ambaliya.